Layi Mai Faɗi, Saukarwa Na Rarrafe: Yadda Ake Gyara Saitin TCP a Linux

A ce ofishi ya biya kuɗin layin intanet mai megabit 100 a sakan guda. An gwada da Speedtest, allo ya nuna 94, kowa ya gamsu. Sai aka zo sauke wani babban fayil daga saba da ke Jamus, gudun ya cije a megabit 8 ya ƙi gaba. Abin da aka saba yi shi ne a kira kamfanin da ya ja layin a sauke musu kwandon faɗa, alhali sau da yawa ba su da hannu a ciki. Speedtest yakan zaɓi saba mafi kusa, ya buɗe hanyoyi da dama lokaci guda, ya tara jimillarsu. Fayil ɗin Jamus kuwa hanya ɗaya tak ya biyo, tafiyar kuma mai nisa ce.

Gudun wannan hanya ɗaya yana hannun wani sashe na zuciyar babbar manhajar kwamfuta, wato kanel, wanda ke tafiyar da ƙa'idar TCP. Ana iya gyara shi, kuma a wasu lokuta gyaran layi biyu yakan ninka gudu sau da yawa. Amma birkin na iya kasancewa a ɗaya daga wurare uku: wajen mai karɓa, wajen mai aikawa, ko a wani layin jira da ke tsakaninsu. Yawancin saitukan da mutane ke kwafowa su liƙa a kwamfutarsu suna gyara ɓangaren da ba shi ne ke riƙe da birkin ba. Aikin farko shi ne gano inda yake.

Kafin komai, a bambance ma'auni. Kamfanonin intanet da megabit suke sayar da layi, burauza kuwa da megabait take nuna gudun saukarwa. Bit takwas ne bait guda. Wanda ke da layin megabit 100 ya ga fayil na sauka a megabait 12 a sakan, to ya sami haƙƙinsa cif, ba abin da zai gyara.

Dalilin da nisa ke cin gudu

TCP ba ya tura bayanai haka kawai. Mai aikawa yakan yanka fayil zuwa ƙananan fakiti, kowanne na ɗauke da kusan bait 1,460, ya tura wasu, ya jira mai karɓa ya aiko da shaidar cewa sun iso. Akwai iyakar yawan bayanan da aka yarda su kasance a kan hanya ba tare da an ga shaidarsu ba. Wannan iyaka ita ake kira taga.

Ɗan garuwa mai kura ya san lissafin nan. Idan kurarsa jarka goma take ɗauka, yawan ruwan da zai kai a yini ya danganta da nisan famfo. Famfo na bayan layi, zai cika randunan unguwa. Famfo na bayan gari, ko da ruwansa ya fi ƙarfi kuma titin ya fi faɗi, jarka goman nan dai zai riƙa kawowa a kowane sawu, sawun kuma ya ragu. Mafita ita ce a ƙara jarkoki ko a matso da famfo.

Da alƙaluma: iyakar gudu ita ce girman taga a raba da lokacin zuwa da dawowa. A ƙa'idar TCP ta 1981, gurbin da aka ware wa taga bit 16 ne, don haka ba ta wuce bait 65,535. Idan zuwa da dawowa na cin milisakan 150, wannan taga ba za ta ba ka fiye da megabit uku da rabi ba, ko da layinka na gigabit ne. A 1992 aka fito da hanyar ninka tagar har ta kai kusan gigabait guda, kuma duk wata babbar manhaja ta zamani tana amfani da ita.

Mu da ke wannan yanki abin ya fi shafarmu, domin famfonmu na bayan gari ne. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a milisakan guda. Kebul ɗin MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal ya kai kilomita 7,000, wato milisakan 70 ke nan zuwa da dawowa tun ba a sa komai a kai ba. Ƙara tafiyar Kano zuwa Legas, da ta Fotugal zuwa Farankfot ko Landan, da ɗan jinkirin kowace na'ura a hanya, sai ka ga an haura 100 cikin sauƙi. Mutumin Damagaram ko Maraɗi, wanda ƙasarsa ba ta da gaɓar teku, sai bayanansa sun ratsa maƙwabta kafin su ga kebul. Mai amfani da tsohon tauraron VSAT, wanda ke tsaye a nisan kilomita 35,786, yana fama da kusan milisakan 600. Saitin da ya wadatar da ɗan Amsterdam mai saba a nisan milisakan 5 ba lallai ya wadatar da mu ba.

Lissafin da za ka riƙe shi ne wannan: ninka faɗin layinka da lokacin zuwa da dawowa, abin da ya fito shi ne tagar da kake bukata. Megabit 20 a milisakan 150 na bukatar kilobait 375. Megabit 100 na bukatar kusan megabait 1.9. Gigabit guda na bukatar kusan megabait 19.

Awo

Fara da sanin nisan sabar da kake jan fayil daga gare ta, da ko fakiti na ɓata a hanya:

ping -c 50 sunan.saba
mtr -rwc 100 sunan.saba

A sakamakon mtr, layin ƙarshe shi ne abin dubawa. Na'urorin tsakiya da yawa ba sa kula amsa irin wannan tambaya, sai su nuna asarar kashi 40 ko 60 alhali lafiya lau suke wuce da kaya. Asarar da ta fara a wani mataki ta ci gaba har zuwa ƙarshe ita ce ta gaske.

Gwaji mafi amfani shi ne na iperf3, idan kana da iko da wata kwamfuta a can ɗaya gefen. A kanta ka kunna iperf3 -s, a taka kuma ka yi gwaji biyu:

iperf3 -c adireshi -R -t 30
iperf3 -c adireshi -R -t 30 -P 8

Harafin R na sa bayanan su taho daga can zuwa gare ka, wato saukarwa. Gwaji na farko hanya ɗaya ce, na biyu takwas. Idan dukansu sun ba da adadi ɗaya mai ƙanƙanta, to layin ne ya cika, ko kamfani ya rage maka gudu saboda ka ƙetare iyakar datar wata, ko Wi-Fi ɗinka ne ya gaza. Nan babu saitin kanel da zai taimaka. Jona wayar Ethernet ka sake gwadawa, ka kuma duba da ethtool ko tsohuwar waya ta sa katin ya tsaya a megabit 100 maimakon 1,000. Idan kuwa hanya takwas ta ninka hanya ɗaya sau da yawa, to layin na da sarari, TCP ne ya kasa cika shi. Wannan ne sirrin manhajar saukarwa ta IDM da masu shagon kwamfuta ke yabo, da aria2 a Linux: suna raba fayil gida-gida su buɗe wa kowane yanki hanyarsa, kowace da tagarta.

Yi kowane gwaji aƙalla sau uku, da safe da kuma bayan magariba lokacin da jama'a suka hau, ka rubuta. Bayan haka kada ka canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Idan kai ne mai karɓa

Abu guda ne tak mai muhimmanci a hannun mai karɓa: girman tagar da yake sanar wa mai aikawa. Linux na daidaita wannan da kansa, yana fara ta ƙarama yana faɗaɗawa gwargwadon yadda bayanai ke shigowa, amma akwai rufin da ba ya ƙetarewa. Duba shi:

sysctl net.ipv4.tcp_rmem net.ipv4.tcp_window_scaling net.ipv4.tcp_moderate_rcvbuf

Biyun ƙarshe dole su nuna 1. Na farko yana ba da lambobi uku na girman ma'ajiyar karɓa, a bait, a yawancin kwamfutoci 4096, 131072 da 6291456: mafi ƙanƙanta, na farawa, da rufin, wanda shi ne megabait 6. Sai dai ba duka shidan ke zama taga ba. Kanel na cin wani kaso don lissafin kansa a kan kowane fakiti, kuma a nau'o'i da yawa kason nan rabi ne. Tagar megabait 3 a milisakan 150 tana ba da kusan megabit 160.

To ka ga, mai layin megabit 20 ko 50 ba shi da matsala a nan ko kaɗan, kuma duk wanda ya ce masa ya ɗaga wannan lamba zai ga sauyi, ɓata masa lokaci ya yi. Masu bukatar gyaran su ne jami'a ko cibiyar bayanai mai layin megabit ɗaruruwa da ke jan manyan fayiloli daga Turai ko Amurka, da kuma mai tauraron da ke da dogon jinkiri. Idan kana cikinsu, ninka lissafinka na sama sau biyu ka sa shi a matsayin rufi. Buɗe fayil /etc/sysctl.d/90-tcp.conf ka rubuta:

net.ipv4.tcp_rmem = 4096 131072 33554432

Sannan ka ba da umarnin sudo sysctl --system. Rufin ya koma megabait 32. Sauyin yana tabbata ne a sababbin hanyoyi, don haka tsayar da saukarwar ka sake farawa. Lamba ta tsakiya ka bar ta yadda take. Ɗaga ta yana sa kowace hanya, har wadda za ta ɗauko ɗan hoto guda, ta fara da babban rabo, kuma a kwamfutar da ke riƙe da dubban hanyoyi ba ƙaramar ɓarnar RAM hakan ke iya jawowa ba. Rufi kuwa ba a taɓa shi sai wanda ya bukace shi.

Akwai wani tarko. Wasu manhajoji suna yanka wa kansu girman ma'ajiyar karɓa maimakon su bar wa kanel. Da zarar manhaja ta yi haka, daidaitawar kanel ta tsaya ga wannan hanya, kuma iyakarta ta koma net.core.rmem_max, wanda asalinsa bait 212,992 ne kacal a yawancin nau'o'i. Idan curl na sauke fayil da gudu amma wata manhaja na rarrafe a kan saba guda, nan za ka fara zargi. Ko dai a cire wannan zaɓi daga saitin manhajar, wanda shi ya fi, ko a ɗaga rmem_max.

Masu Windows su buɗe wurin rubuta umarni da ikon mai gudanarwa su rubuta netsh interface tcp show global. Idan daidaita taga na nuna disabled, wani ne ya kashe ta, galibi irin manhajojin nan masu alkawarin ƙara gudun intanet, kuma an mayar da kwamfutar kan kilobait 64 na zamanin da. Umarnin netsh interface tcp set global autotuninglevel=normal zai dawo da ita.

Idan sabar taka ce

A nan riba mafi girma take, kuma a nan aka fi yin kuskuren fahimta. Ban da tagar mai karɓa, mai aikawa na da tasa tagar ta biyu, ta cunkoso, kuma ƙaramar cikin biyun ita ke mulki. Asalinta wani bala'i ne na Oktoban 1986, lokacin da gudun hanyar da ke tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wurare biyu da ke kallon juna, ya faɗo daga kilobit 32 zuwa bit 40 a sakan. Kwamfutoci sun yi ta sake tura fakitin da suka ɗauka sun ɓata har suka toshe hanyar. Van Jacobson ya fito da magani a 1988: mai aikawa ya fara a hankali, ya riƙa ƙarawa, idan ya ga fakiti ya ɓata ya ɗauka hanya ta cika, ya rage tagarsa da rabi.

Dabarar ta ceci intanet, amma tana da zato guda a ƙasanta, cewa duk fakitin da ya ɓata cunkoso ne ya ci shi. A kan waya zaton nan ya kusa gaskiya. A kan rediyon da ke haɗa gini da gini, ko Wi-Fi mai cike da hayaniya, ko faibar da aka yanke aka ɗaure sau goma a gefen titi, fakiti na ɓata ba tare da wani cunkoso ba. Illar kuma nisa ne ke ninka ta, domin bayan kowace ragewa sai an yi sawu da yawa kafin a farfaɗo. Lissafin da Matt Mathis da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna girman abin: a tsohuwar dabarar Reno, mai bin wannan tsari na rage rabi, asarar fakiti ɗaya cikin ɗari a milisakan 150 tana tsayar da hanya a kusan megabit guda. Ko asarar ɗaya cikin dubu goma ba ta barin a kai megabit 10. CUBIC, wadda Linux ke amfani da ita tun 2006, tana rage kashi 30 ne maimakon rabi kuma tana saurin komawa inda take, amma ita ma asara take kallo, kuma idan asarar ta yi yawa ba ta da wani babban fifiko a kan Reno.

A 2016 injiniyoyin Google, ciki har da Neal Cardwell da Jacobson ɗin kansa, suka fito da BBR, ta shiga Linux 4.9 a ƙarshen wannan shekara. Ita ba ta jiran fakiti ya ɓata. Tana auna abu biyu a kai a kai, yawan bayanan da ke isa a sakan da mafi ƙarancin lokacin zuwa da dawowa, ta lissafa abin da hanya za ta ɗauka, ta riƙa sakin fakiti daidai wannan gudu da tazara tsakaninsu. Google ya ba da rahoton cewa gudun YouTube ya ƙaru da kashi 4 a matsakaicin duniya, da fiye da kashi 14 a wasu ƙasashe. A hanya mai nisa mai yoyon fakiti, bambancin da ake gani a fayil guda yakan fi wannan nesa ba kusa ba.

Amma a lura: mai aikawa ne ke zaɓar dabarar cunkoso. Sa BBR a laftof ɗinka ba zai ƙara wa saukarwarka komai ba, abin da kake turawa kawai zai shafa. Wurinta shi ne sabar da ka yi haya a Turai wadda ɗalibai ko abokan cinikinka ke jan bidiyo da littattafai daga kanta, ko sabar VPN ko furoksi da kake bi. A kanta:

sudo modprobe tcp_bbr
sysctl net.ipv4.tcp_available_congestion_control

Idan bbr ta bayyana a jerin, ƙara waɗannan a fayil ɗin saiti:

net.core.default_qdisc = fq
net.ipv4.tcp_congestion_control = bbr
net.ipv4.tcp_wmem = 4096 16384 33554432
net.ipv4.tcp_slow_start_after_idle = 0

Layin farko na zaɓar mai tsara fitar fakiti wanda ya ƙware wajen sa tazara. Tun daga Linux 4.13 BBR na iya aiki ba shi, amma a saba mai hidima da yawa ya fi sauƙi ga kwamfutar. Ba ya hawa katin da ke aiki sai an sake kunna na'ura, ko a ɗora shi kai tsaye da tc qdisc replace dev eth0 root fq, a sa sunan katinka a wurin eth0. Layi na uku na ɗaga rufin ma'ajiyar aikawa daga megabait 4, domin mai aikawa sai ya riƙe kwafin duk abin da bai ga shaidarsa ba.

Layi na huɗu yana bukatar bayani. Sabuwar hanya tana farawa da fakiti goma, kusan kilobait 14 da rabi, tana ninkawa a kowane sawu. Kafin ta kai megabait 1.9 sai ta yi sawu bakwai, sama da sakan guda ke nan a milisakan 150. Bisa asali, idan hanya ta ɗan yi shiru, Linux na mayar da ita farko ta sake wannan hawa. Ga bidiyon da ake ja yanki-yanki da hutu tsakani, hakan asara ce a kowane yanki. Sifili na hana wannan komawa baya.

Yanzu fara saukarwa daga gida, a kan sabar kuma ka duba da ss -ti. Za ka ga sunan dabarar da hanyar ke bi, da rtt, da cwnd, da retrans mai ƙirga fakitin da aka sake turawa. Abin da na fi so a wannan umarni shi ne yakan faɗi mai laifi da bakinsa. Idan ka ga rwnd_limited da babban kaso, tagar mai karɓa ce ta tsuke. Idan sndbuf_limited ne, ma'ajiyar sabar ce. Idan app_limited ne, manhajar ko faifan ajiya ne suka kasa ba kanel kaya da sauri, kuma TCP ba shi da laifi.

BBR ba ta rasa aibu ba. Nau'inta na farko, wanda ke cikin yawancin kwamfutoci, yana iya danne hanyoyin CUBIC idan suka haɗu a matsattsen wuri mai ƙaramar ma'ajiya, kuma yakan yawaita sake turawa. A ganina ta cancanci hawa sabar da ke hidima ga mutanen nesa masu layin waya da rediyo. Tsakanin kwamfutocin da ke gini guda kuwa, CUBIC ta wadatar.

Layin jira a cikin rauta

Akwai gidan da gudu ke nan daram amma intanet ba daɗi: wani ya fara sauke fim, kiran WhatsApp ya soma yankewa, shafi ya ɗauki sakan goma. Gwajin mai sauƙi ne. Bar ping na tafiya, sannan ka fara babbar saukarwa ko turawa. Idan milisakan 40 ya koma 800, na'urarka na da ciwon da Jim Gettys ya bankaɗo a 2010. Masu ƙera rauta da modem sun sa musu manyan ma'ajiyoyi don kada fakiti ya ɓata, CUBIC kuwa ba ta rage gudu sai ta ga asara, sai ta cika ma'ajiyar maƙil, kowane sabon fakiti ya shiga bayan dogon layi.

Wannan na taɓa saukarwa ta hanyar da ba a zato. Wayoyi biyu na tura hotuna zuwa ajiyar Google, sun cika hanyar fita. Shaidar isowar fakitin da kwamfutarka ke aikawa ta maƙale a bayansu, lokacin zuwa da dawowa ya ninka sau biyar, gudun saukarwa ya faɗi, alhali hanyar shigowa fanko ce.

Maganin ya fito daga CoDel, aikin Kathleen Nichols da Jacobson na 2012, da fq_codel da aka gina a kanta, sannan CAKE da ta shiga Linux 4.19 a 2018. Biyun ƙarshe suna ba kowace hanya layinta, suna gabatar da ƙananan fakiti, suna kuma hana layi tsawo. Sharaɗin shi ne layin jiran ya kasance a na'urar da kake iko da ita, don haka sai ka tsayar da gudunka ƙasa kaɗan da na kamfani. A rauta mai OpenWrt, ɗora luci-app-sqm, zaɓi cake, ka rubuta kashi 85 zuwa 95 na gudun da ka auna a shiga da fita. Za ka sadaukar da ɗan gudu, ka sami layin da mutum goma za su hau ba faɗa. Ga shagon intanet ko ɗakin karatu, ban san wani gyara da ya kai wannan amfani ba.

A kan 4G abin ya fi wuya, domin gudun hasumiya na hawa da sauka cikin yini. Ko ka sa adadin da kake samu da daddare lokacin cunkoso ka haƙura da rarar safiya, ko ka yi amfani da cake-autorate mai bin sauyin da kansa.

Ƙananan abubuwa uku

Idan hanya na buɗewa, ƙananan shafuka na zuwa, amma babban fayil na tsayawa cak tun farko, zargi girman fakiti. Ethernet na ɗaukar bait 1,500, PPPoE 1,492, VPN ƙasa da haka, kuma wasu katangun tsaro na haɗiye saƙon da ke cewa a rage. Gwada ping -M do -s 1472 sunan.saba kana rage lambar har ta wuce. A saba, net.ipv4.tcp_mtu_probing = 1 na sa kanel ya gano wannan da kansa.

Duba net.ipv4.tcp_sack ya zama 1. Ita ce ke ba mai karɓa damar faɗin ainihin fakitin da suka ɓata maimakon a sake turo jeri duka. A 2019 an gano wani rauni a cikinta da ke iya durƙusar da kwamfuta, masu kula da saba da yawa suka kashe ta a matsayin kariyar wucin gadi, aka toshe raunin, suka manta ba su kunna ba.

Duk jagorar da ka ga ta ce a kunna tcp_tw_recycle, ajiye ta. Saitin na yanke masu amfani da ke fita ta adireshi guda, kamar yadda kamfanonin waya ke haɗa dubban mutane, kuma an cire shi gaba ɗaya daga Linux 4.12 a 2017.

Inda hannun kanel bai kai ba

Wani babban kaso na abin da Chrome ke ja daga YouTube da sauran shafukan Google yanzu ta QUIC yake zuwa, ƙa'idar da aka tabbatar a 2021, wadda ke tafiya a kan UDP kuma take riƙe da tagoginta a cikin manhajar kanta. Saitin tcp_rmem ba ruwansa da ita. Haka scp da sftp: OpenSSH na da tasa tagar ta kusan megabait 2 a saman ta TCP, don haka a milisakan 150 yakan tsaya wajen megabit 110 komai girman abin da ka ba kanel. Don manyan fayiloli masu nisa, HTTPS da curl ko aria2 ya fi.

Sai kuma ɗaya ɓangaren lissafin, wato nisan kansa. Rage zuwa da dawowa daga 150 zuwa 30 na ninka gudun kowace taga sau biyar, yana gaggauta hawan farko, yana kuma rage zafin kowace asara, duk ba tare da an taɓa saiti ba. Idan masu amfani da sabarka a Najeriya suke, nemi masaukin da ke haɗe da IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na ƙasar ke musayar bayanai, ko ka sa fayilolinka a bayan kamfanin rarraba bayanai mai cibiya a Legas, irin su Cloudflare. Wannan na da wata fa'ida da aka gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da kebul huɗu, WACS, MainOne, ACE da SAT-3, suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, duk abin da ke ƙetare ya koma bin doguwar hanya mai cunkoso. Kada ka dogara da taswira wajen zaɓar gari: saba a Afirka ta Kudu na iya fin ta Landan nisa idan kamfaninka ta Turai yake bi kafin ya gangara can. Nemi adireshin gwaji daga mai masaukin, ka yi ping da mtr daga MTN, Airtel da duk layin da mutanenka ke amfani da shi kafin ka biya. A ɗakin kwamfuta mai na'urori talatin masu Ubuntu, ɗora apt-cacher-ng a guda ɗaya ka nuna wa sauran ita, sabuntawa ta ƙetare teku sau ɗaya, ragowar ashirin da tara su ɗauka daga cikin ɗaki da gudun wayar Ethernet.